Filin Tambaya da Amsa: An ba ni kwas ɗin da ban nema ba, in karɓa ko in sake JAMB?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda aka fara sakin admishin saƙonni suke ta shigowa kuma kusan duk kukan ɗaya ne, maganar kwas. Na ɗauko guda uku, ta farkon ce za ta ci mana fili don ita ce ta fi yawa a bakin yara da iyaye. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Shekarata 19, sau biyu ina zana JAMB ina neman Medisin a BUK, na farko na ci 231 na biyu 248, bana da na duba CAPS, shafin JAMB na admishin, sai na ga Bayokemistiri aka ba ni. Abbanmu ya ce kar in kuskura in karɓa, in sake zama karo na uku, shi burinsa a ce akwai likita a gidanmu tunda ni ne babba. Abokaina har sun shiga lebel 200 ni ina gida. Kuma Malam abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ni ban ma san ko ina son likitancin ba, ranar da ƙanina ya faɗi a babur aka kai shi ɗinki jiri ne ya ɗebe ni sai da na fita waje na zauna. Inda nake jin daɗi shi ne shagon wani maƙocinmu mai gyaran waya da kwamfuta a Farm Centre, in na je sai in wuni ban san yamma ta yi ba. Dan Allah a ba ni shawara kaina ya kulle.
Daga wani ɗalibi, Ɗorayi

AMSA: Amin ɗana, Allah ya yi maka albarka. Da farko ka cire wa ranka cewa ka gaza, wanda ya ci 248 cikin 400 ba daƙiƙi ba ne. Abin da yawancin iyaye ba a yi musu bayani ba shi ne Medisin ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne da jami'a za ta ɗebi yara yadda ta ga dama, hukumar likitoci ta ƙasa wato MDCN ce take ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta, ga su kuma dubban yara daga Kano da Jigawa da Katsina da ko'ina kowa BUK kowa Medisin, to dole a yanka daga sama, wanda ya rage sai a tura shi inda sakamakonsa zai shiga, Anatomi ko Fisiyoloji ko Bayokemistiri irin naka. Wannan shi ne abin da ya same ka, ba wani ne ya tsane ka ba.

Amma ni ba nan ne ya tsaya min a rai ba, layinka na kusa da ƙarshe ne. Shekara biyu kana bin abu da gudu kuma ba ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka ko kana sonsa ba. Wallahi ba kai kaɗai ba ne. Duk lokacin rajistar JAMB nakan raka ɗalibaina santar CBT, kuma abin da nake gani yana ci min rai, yaro ya sha layi tun asuba rana ta gasa shi, ya zo gaban mai kwamfuta a ce masa wane kwas, sai ka ga ya waiga wajen abokinsa na baya, kai me ka cike? Ya ce Medisin. To ni ma sa min. Shi ke nan an buga yatsa an wuce, aikin da mutum zai yi shekara talatin yana yi an yanke shi a ƙasa da minti ɗaya. Suna muke zaɓa ɗana, likita, lauya, injiniya, ba mu taɓa ganin yadda wunin mai aikin yake ba.

Maganar jiri kar ka ɗauke ta hukunci, likitoci da yawa za su faɗa maka ranar farko da suka shiga ɗakin tiyata ko ɗakin gawa su ma sai da ƙafarsu ta yi sanyi, daga baya suka saba. Abin da za ka auna ya fi jini nauyi. Karatun shekara 6 ne in ba a yi yajin aiki ba kuma ba ka maimaita aji ba, sai shekara 1 ta hausmanshif a asibiti, sai shekara 1 ta bautar ƙasa, ka ga 8 ke nan, in kuma kana son zama ƙwararre a wani fanni akwai wasu shekaru biyar zuwa shida ko fiye da jarabawowinsu. Wanda yake so da gaske yana jurewa har da daɗinsa. Wanda aka tura kuwa shi ne za ka gani a lebel 200 ko 300 jarabawa ta kayar da shi an mayar da shi wani sashe, ya yi asarar shekaru ga karyewar zuciya.

Don haka ga aikin da zan ba ka, kuma ka yi shi cikin satin nan don tayin da ke CAPS yana da wa'adi, ba ya jiran mutum. Ka nemi likita, a dangi ko a unguwa ko a masallacinku, Ɗorayi ba za a rasa ba, ka roƙe shi ya ba ka dama ka gan shi a bakin aiki ko na wuni ɗaya ne, in da hali har da dare a sashen gaggawa. Ka zauna a gefe ka yi shiru ka kalla. Ka ji warin maganin wanke ciwo, ka ga uwa ta shigo da yaro yana suma ƙarfe biyun dare, ka ga yawan rubutun da likita yake yi a fayil wanda ba wanda ya taɓa faɗa maka akwai shi, ka ga yadda ake faɗa wa mutum ɗan'uwansa ya rasu. Da ya samu sarari ka tambaye shi me ya fi gundurarsa a aikin, kuma shekara nawa ya yi kafin ya fara ɗaukar nauyin kansa. Na taɓa tura wata ɗalibata haka, ta bi gwaggonta nas kwana uku, na ɗauka za ta dawo ta ce ta fasa, sai ta dawo idonta ya ƙara buɗewa ta ce Malam ni fa nan ne wajena, ta sake zama kuma ta samu. Wani kuma wuni ɗaya ya yi ya ce ya gode. Duka biyun sun ci riba, don kowa ya zaɓa ne da idonsa.

Sai Bayokemistirin da aka ba ka, bari in faɗa maka gaskiyarsa don ana yaudarar yara da yawa a nan. Kwas ne mai kyau na shekara 4, amma ba ƙaramin Medisin ba ne. Kuma digirinsa ba ya ba ka lasisin yin gwajin jini da fitsari na marasa lafiya a lab ɗin asibiti, wannan aikin waɗanda suka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, kwas daban na shekara 5 mai tasa hukumar. Inda ɗan Bayokemistiri yake shiga shi ne sashen duba ingancin kaya a kamfanonin abinci da lemo da magani da mai irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai, ko hukumomi irin NAFDAC da SON, ko koyarwa, ko ya wuce mastas ya shiga bincike. In Kemistiri yana maka daɗi, kana jin daɗin taitireshin da lissafin sinadarai, to karɓi abinka ka riƙe shi da kyau ka nemi sakamakon da bai gaza 3.50 ba. Amma dan Allah kar ka shiga da niyyar wai zan canza zuwa Medisin in na gama lebel 100, gurbin kaɗan ne ƙwarai in ma ya samu, kuma na ga yara da yawa sun shiga da wannan niyyar, canjin bai yiwu ba, kwas ɗin ma ba su riƙe shi ba, suka fito da sakamakon da ba ya kai su ko'ina.

Yanzu Farm Centre. Mutum ya wuni a waje bai san yamma ta yi ba, wannan ba ƙaramar alama ba ce, ni ita na fi ba wa nauyi a duk wasiƙarka. Sai dai ka sani gyaran waya daban karatun injiniya daban. A shago hannu ne da ido, ka ɗaga sikirin, ka bi layin caji da mita, ka narka dalma. A aji kuwa lissafi ne zalla tun daga lebel 100, kalkulas da fiziks, sai ka yi shekara biyu ba ka taɓa abin da ya yi kama da waya ba. To ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO ka dubi Lissafi, kuma ka faɗa wa kanka gaskiya kai ka ci ko taimako aka yi maka a ɗakin jarabawa. In kai ka ci kuma ba ka tsoronsa hanya a buɗe take, BUK tana da injiniyan lantarki da na kwamfuta da Mekatironiks, tana da kimiyyar kwamfuta da injiniyan manhaja, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga Kano Poly.

Amma ga wani abu da yake kayar da yara, JAMB ɗin da ka zana ta Medisin ce, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, babu Lissafi a ciki. Injiniya kuwa Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri ake nema, kimiyyar kwamfuta ma dole sai da Lissafi. Ma'ana ko ka je ka biya kuɗin canjin kwas da makin nan naka na 248 ba zai kai ka can ba. Kar wani mai shagon intanet ya karɓi kuɗinka ya ce zai yi maka dabara.

In ni ne kai, in na je asibitin na ga ba wajena ba ne, kuma Kemistiri bai dame ni ba, to ba zan karɓi Bayokemistiri don kawai gudun a ce ina zaune a gida ba. Zan sake JAMB, amma in cire Bayoloji in sa Lissafi, shekarar nan kuma in je wajen maƙocin nan a matsayin yaron shago na sosai, da sanin Abba, safe zuwa la'asar, dare kuma karatu. Lissafa ka gani, ka shiga kana da 20, injiniya shekara 5, ka fito kana 25, bautar ƙasa sai wanda ya haura 30 kafin ya gama ake cirewa. Ba ka makara ba ko kaɗan, kuma za ka shiga jami'a da sana'ar da za ta saya maka handawut ta biya maka kuɗin adaidaita zuwa sabuwar BUK.

Abba kuma kar ka tunkare shi da ba na so. Mutumin nan ba ƙinka yake ba, so yake ya ga ka tsaya da ƙafarka kuma a duniyar da ya sani likita ne ba ya rasa aiki. Ka fara da Umma, sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, baffanka ko amininsa, in ma likitan da ka bi zai yarda ya yi masa magana da bakinsa ya fi. Ku je masa da lissafi a hannu, ga abin da na gani, ga shekarun, ga abin da nake so in karanta, ga inda ake yinsa. Uba in ya ga ɗansa ya zo da tsari yakan sauko. Ka yi istihara kafin ka danna komai a CAPS, kuma ka rubuto min yadda ta kaya.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina lebel 100, Hausa nake karantawa, kuma ni ina sonta tun ina sakandire. Amma duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya, wai Hausar da kika tashi da ita ita za ki je jami'a ki koya, har yayata cewa take in canza zuwa aikin jarida tun wuri. Yanzu har kunyar faɗa nake. Akwai abin da zan zama da ita kuwa?
Daga wata ɗaliba, Gwammaja

AMSA: Lafiya lau 'yata. Wannan dariyar tana ƙona min rai wallahi, don Bature yana karanta Turanci a jami'ar Ingila, Balarabe yana karanta Larabci a Azhar, ba wanda ya ce musu ba kun iya ba. Iya magana daban sanin harshe daban. Ki ba masu dariyar takarda ki ce su rubuta miki shafi ɗaya da daidaitacciyar Hausa, su raba kalmomi inda ya dace su sa ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, ko ki ba su sanarwar rigakafi ta Turanci ki ce su mayar da ita yadda tsohuwa a Ɗambatta za ta gane, a nan za ki ga bambanci.

Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na DW tun 1963, RFI ta buɗe nata a 2007, TRT Afrika ta zo a 2023, ban da gidajen rediyo da talabijin da suka cika garin nan da jaridun intanet. Ana koyar da Hausa a Hambag ta Jamus da Waso ta Foland da Bejin ta ƙasar Sin. A nan gida BUK tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya tun 1969. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma duk irin waɗannan manhajojin mutane ne suke rubuta musu Hausar suna gyara musu kuskure ana biyansu. Ga tafinta a kotu, ga ƙungiyoyin lafiya da na agaji da kullum suke neman mai fassara, ga rubutun labarin fim.

Amma ba zan ɓoye miki ba, takardar digirin kaɗai ba za ta ba ki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Duk wuraren nan gwaji suke yi, su miƙo miki labari da Turanci su ce fassara cikin minti kaza. To wanda yake da Hausa babu Turanci a nan yake faɗuwa, kamar yadda mai Turanci babu Hausa yake faɗuwa. Don haka ki riƙe Turancinki da ƙarfi kamar shi ne kwas ɗinki na biyu, in kina da Larabci ko Faransanci kin ƙara tsada. Ki fara tun yau, kullum ki ɗauki labari ɗaya gajere ki fassara a littafi, sannan ki saurari yadda gidajen rediyo suka fassara shi ki gwada da naki. Ki koyi bugun rubutu a kwamfuta da haruffa masu ƙugiya. Lokacin hutu ki nemi gidan rediyo ki ce kin zo koyon aiki ko ba biya. In kuma koyarwa ce a ranki, ki sani bayan digirin sai kin ƙara diflomar koyarwa ta PGDE kin yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, sai dai in dama Hausa da ilimin koyarwa kike haɗawa.

Canji zuwa aikin jarida ba laifi ba ne, yawanci a ƙarshen lebel 100 ake nema, sai makinki ya kai, sashenku ya sake ki can kuma su karɓa. Amma ke kin ce kina son abin da kike karantawa, kuma makin mutum ya fi tashi a inda yake so. Ni ban ga dalilin tashi ba. Yayarki ki nuna mata wannan shafin, ki ce Malam yana gaishe ta.

TAMBAYA: Malam ni a Kwari nake, shagon yayana, ni nake riƙe masa littafin bashi da lissafin kaya. Na samu ND Akanta a Poly amma abokai suna cewa in jira jami'a wai Poly ba ta da daraja. Shekarata 23.
Daga wani matashi, Fagge

AMSA: Ƙanina karɓi abinka. Kai ka riga ka ga aikin da idonka, kullum kana cikinsa, kwas ɗin ma sunan abin da kake yi zai koya maka da ƙa'idarsa. ND, wato ƙaramar difloma, shekara 2 ce, sai shekara 1 ta koyon aiki, sai HND, babbar difloma, shekara 2. In kuma digiri kake so, da sakamako mai kyau a ND za ka cike DE, wato fom ɗin shiga kai tsaye, ka shiga jami'a a lebel 200. Gaskiya ne a aikin gwamnati har yanzu ana fifita mai digiri a kan mai HND wajen ƙarin girma, amma a fannin akanta abin da ya fi ɗaga mutum shi ne jarabawar ƙwararru ta ICAN ko ANAN, kuma ICAN tana da matakin ATS mai hawa uku da za ka iya farawa tun kana ND.

Abu biyu ka kiyaye. Ka tabbata admishin ɗin ta JAMB ya biyo kuma na cikakken lokaci ne, don masu karatun yamma da na ƙarshen mako ba a tura su bautar ƙasa, kai kuma a 23 in ka tafi kai tsaye za ka gama HND kana 28, in ka tsaya jira shekara biyu uku ka taɓa 30. In kuɗin makaranta ne matsala akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa. Shagon kuma kar ka sake shi, ku zauna da Yaya tun kafin a fara lakca ku tsara, ranakun da ba ka da aji da Asabar kana Kwari, littafin bashin ya ci gaba da zama a hannunka.